Wutar walda ko na'urar ɗaye fenti: wacce za ta gasa talotalo?

Wani ɗan'uwa ya ce ya ga Amurkawa na raha a kan gasa talotalon bikin godiyarsu, wanda suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, da kayan gareji. Tambayarsa ita ce: tsakanin wutar walda da na'urar nan mai hura iska mai zafi da ake ɗaye fenti da ita, wacce za ta fitar da mutum kunya a gaban baƙi?

Malam, fara riƙe lamba ɗaya: 74. Sai can cikin cinya, inda tsoka ta fi kauri, ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas kafin a ce talotalo ya nuna. Mai kilo 6 yakan ci awa 3 zuwa 3 da minti 45 a tanda mai digiri 163, kuma wannan bayan ya yi kwana uku a firji ƙanƙararsa ta saki.

Wutar walda, wadda ake haɗa iskar oksijin da asitilin, harshenta ya haura digiri 3,000. Ƙarfe take narkarwa. Amma zafi a hankali yake ratsa nama, domin yawancin nama ruwa ne, ba ya karɓar gaggawa. Kana kara wutar, fata za ta tsage, kitse ya kama da wuta, waje ya yi baƙi ƙirin cikin daƙiƙu, ciki kuwa ɗanye sharaf, ko ɗumi bai yi ba. Gawayin da ya taru a sama ma sai ya zama bargo, ya ƙara tare zafin. Idan kuma gas ɗin irin na masu waldar bakin titi ne da ake samarwa daga kabayid da ruwa, ga warin nan mai kama da tafarnuwa, ga baƙin hayaƙi, duk a jikin naman. Babbaka ce wannan, irin ta kai da ƙafa, sai dai ta wuce gona da iri.

Na'urar ɗaye fenti ta fi ladabi. Iskarta takan kai digiri 500 zuwa 600 a baki, tana jan wuta wat 1,500 zuwa 2,000, wato ba ta yi nisa da tandar lantarki ba. Idan ka riƙe ta a hannu kana zagaya tsuntsun, iska ce za ta kwashe zafin, hannunka ya gaji, naman ya daɗe tsakanin digiri 4 da 60, inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ya wuce awa biyu a nan, gudawa ka dafa wa jama'a. Dabarar ita ce a kulle zafin. Sami tukunyar ƙarfe babba mai murfi, ka huda gefenta ta ƙasa daidai bakin na'urar, ka ɗora talotalon a kan raga yadda iskar ba za ta buge shi kai tsaye ba, ka kewaye tukunyar da bulo. Bar ƙaramar kafa a murfi. In ka toshe ko'ina, zafin zai koma wa na'urar, ta kashe kanta ko wayarta ta ƙone. Cire ƙashin baya ka baje tsuntsun kamar kazar tukuba, lokacin zai ragu kusan rabi, wanda alheri ne, don ba a ƙera na'urar don ta yi awa uku tana aiki ba hutu ba. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba, kada ma ka wahalar da shi.

Kada ka yi amfani da bokiti ko kwandon shara mai rufin zinki, ko durom da ya taɓa ɗaukar mai ko sinadari. Na'urar ma sabuwa ake so: tsohuwa ta shaƙi ƙurar fenti, tsohon fenti kuma wani yana da dalma.

Masu cewa a naɗe talotalon a takardar alminiyam a tura ƙarƙashin bonet ɗin mota don zafin inji ya gasa shi, su fara gwada rufe bonet ɗin tukuna.

Na'urar fenti ce ta ci, da sharaɗin tukunya da ma'aunin zafi da za a soka a cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Wutar walda a bar ta a gareji. In fatar ba ta yi ja ba a ƙarshe, ƙaramar wutar gas ta girki irin ta riƙewa a hannu, daga nesa, minti ɗaya ya isa.