Hattara da masu sayar da kwanan tanti a Mambila ta Instagram

Assalamu alaikum. Duk wanda yake shirin kai iyalinsa tsaunin Mambila hutu, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. An cuce mu naira dubu 355, kuma waɗanda suka yi mana haka suna nan suna farautar wasu.

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce ne ƙanena ya turo mini wani shafi a Instagram. Tantuna ne farare masu kama da ƙwaryar da aka kifa, gabansu gilashi, an jera su a kan tudu kore shar. A ciki ga gado da farin zanin gado, ga banɗaki mai ruwan zafi, a waje kuma an hura wuta an kewaye ta da kujeru. Suka rubuta cewa wurin yana kusa da Nguroje, kana kwance kana hango gonakin shayin Kakara. Na daɗe ina son yarana su ga Mambila, domin ƙasa ce da ba ta yi kama da ko'ina a Arewa ba: tudu ne da ya kai wajen mita 1,600, sanyi duk shekara, shanu a kan duwatsu, kuma a yankin ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Duk wannan gaskiya ne, kuma da wannan gaskiyar ɓarayin suke lulluɓe ƙaryarsu.

Wanda ya amsa mana a WhatsApp yana jin Hausa sarai, ga ladabi. "Alhaji, barka da warhaka, ya iyali?" Ya ce tanti ɗaya dubu 85 ne a dare. Mun nemi biyu na kwana uku, ya ce a ba da rabi kafin alƙalami, dubu 255, kuma mu hanzarta don saura biyun ke nan, wasu mutanen Abuja na nema. Na tura. Bayan kwana biyu ya dawo da kuɗin ajiya ko da yara za su ɓata wani abu, dubu 60, wai za a mayar mana ranar tafiya. Ana jibi za mu tashi ya ce akwai kuɗin izinin shiga gandun dajin gwamnati na Gashaka Gumti da na 'yan rakiya, dubu 40. Shi ma na tura.

A nan ya kamata in tsaya. Asusun da nake tura kuɗin na ɗaya daga cikin bankunan waya ne, kuma sunan mutum ke kai, ba sunan masauki ba. Na ukun ma sunan wata mace ya fito, ya ce akawunsu ce. Sannan ofishin gandun Gashaka Gumti yana Serti, a bakin hanyar da dole mu bi. Mai son shiga can yake zuwa ya biya a ba shi rasit. Babu dalilin da zai sa wani mai tanti ya karɓi wannan kuɗi a madadin hukuma.

Mun kwana a Jalingo, da asuba muka kama hanyar Bali da Serti. Har Mayo Selbe, gindin dutsen, yana amsa waya: "Ku hau a hankali Alhaji, an ɗora muku girki." Wanda ya san wannan hawan ya san ba wasa ba ne, kwana ne bisa kwana, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami. Muna isa sama layinsa ya daina shiga. Na ɗauka matsalar sabis ce. Da sabis ya dawo a Nguroje sai na ga hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, saƙona kuma ya tsaya a alama ɗaya.

Alamar taswirar da ya turo ta kai mu wani fili da aka kewaye da waya mai ƙaya, shanu na kiwo, ga layin bishiyoyin zaiti. Ko turken tanti babu. Magariba ta kawo jiki, iska na shiga har ƙashi, ƙaramar 'yata tana rawar ɗari cikin rigar sanyin da ta ishe ta a Kano amma ba ta yi mata komai a nan. Ita ce ta tambaye ni, "Abba, ina farin ɗakin?" Har yau wannan tambayar ta fi kuɗin yi mini ciwo.

Muka koma cikin gari wurin wani mai shayi. Wani dattijo a kan benci ya karɓi wayata, ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ɗana, wannan ba ƙasarmu ba ce. Dubi itatuwan nan, ba mu da irinsu. Kuma yanzu rani ne, ciyawarmu ta bushe, ban da gonar shayi ina ka ga kore haka?" Ya kira 'yan acaɓa uku da ke tsaye, ya nuna musu. Babu wanda ya taɓa ganin wurin. Ɗayansu ya ce mu ne mota ta biyu da ta zo da wannan hoton a watan nan.

Maganar dattijon ita ce abin da nake so kowa ya riƙe. A birni ana iya buɗe masauki maƙwabci bai sani ba. A ƙauye baƙon akuya ma ba ya ɓuya, balle tantuna goma masu gilashi da janareta. Da akwai su, da jauron wurin, wato mai garin, ya san wanda ya ba da filin, da 'yan acaɓa sun kai kaya, da matan da ke kawo nono da dankali sun san ƙofar. Saboda haka kafin ka biya, nemi mutum ɗaya a garin da ba mai masaukin ne ya haɗa ku ba. Direbobin tashar Gembu da ke Jalingo suna hawa dutsen nan kullum. Ɗan acaɓa guda, ka tura masa kuɗin mai, zai je ya tsaya a wurin ya kira ka ta bidiyo. Abin da dubu 5 za ta yi mini ke nan, ban yi ba.

Shi ma mai masaukin ka ce ya kira ka ta bidiyo yana tsaye cikin tantin, ya fita ya zagaya da kai. Ni na nema sau ɗaya, ya ce babu sabis a wurin, na yarda domin ƙauye ne. Amma mai masaukin gaske zai ɗauki sabon bidiyo ya ambaci sunanka da ranar, ya turo in ya shigo gari.

Daga baya ƙanena ya sa hotunan a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito, cikin minti ɗaya suka fito a shafin wani masauki a Turkiyya. Da muka duba bayanin asusun a Instagram, wurin da ake nuna ranar da aka buɗe shi da sau nawa aka sauya masa suna, an sauya sau huɗu. Mabiya dubbai, amma an rufe wurin sharhi, kuma babu hoton baƙo ko ɗaya da ya sa sunan wurin da kansa. Sunan kamfanin da ke kan rasit ɗin ma babu shi a shafin binciken hukumar rajistar kamfanoni, CAC, wanda kowa zai iya dubawa kyauta.

Mutanen Nguroje sun yi mana halacci. Dattijon nan shi ya sa aka raka mu wani ƙaramin masauki, mai shayin kuma ya ƙi karɓar kuɗin shayin yara. Allah ya saka musu da alheri. Washegari muka ga Kakara da idonmu, muka ƙarasa Gembu, yara suka ga kwale-kwale na ƙetare kogin Donga.

Na kai ƙara bankina da ofishin 'yan sanda, da hotunan hirarmu da rasit ɗin tura kuɗi. A banki an ce mini da na zo tun ranar farko da an fi samun damar riƙe asusun, don irin waɗannan ba sa barin kuɗi ya kwana. Wanda abin ya same shi kada ya tsaya jin kunya, ya tafi a ranar.

Makon jiya na sake ganin hotunan nan, tantunan dai su ne, wutar ita ce, amma da sabon suna, kuma yanzu wai a kusa da Yankari suke. Na sa ƙanena ya yi musu magana da wata lamba. Amsar da ta zo ita ce saura tanti biyu, wasu mutanen Abuja na nema.