Kindle Paperwhite ga mai karatun labaran ban tsoro a Garwa da Marwa

Labarin ban tsoro da dare ake cin moriyarsa, kuma waya ba ta iya wannan aikin da kyau. Ana tsakiyar wurin da tsikar jiki ke tashi sai saƙon WhatsApp ya faɗo, ko caji ya yi ja alhali an ɗauke wuta tun la'asar. A nan arewacin Kamaru, inda yawancin wutar daga madatsar Lagdo take zuwa, tana kuma yin ƙaranci idan ruwan Binuwai ya ja baya da rani, batun caji ba wasa ba ne. Ta wannan fuskar, Kindle Paperwhite, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, ta yi wa waya fintinkau. Matsalarta a wani wuri take: shigar da littattafan da mu muke karantawa.

Iri biyu aka fi samu a hannun masu kawo kaya. Ta 2021 fuskarta inci 6.8 ce, ta 2024 kuma inci 7, da ma'ajiyar giga 16. Kaifin rubutunsu ɗaya, ɗigo 300 a kowane inci, dukansu da wayar USB-C ake cajinsu, kuma ba a haɗo kan caja a kwali. Ta 2024 ta fito a Amurka a kan dalar Amurka 160, kafin kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa su hau. Duk wanda ya samu ta 2021 da sauƙi ya saya, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Hasken shi ne babban dalilin sayenta. Ƙananan fitilu ne a gefen fuskar suke watsa haske a kan shafin, ba su harbo shi cikin ido kamar waya. Ana iya rage shi ƙasa sosai, a kuma juya shi daga fari zuwa ruwan ɗorawa. A cikin gidan sauro, mataki na 6 zuwa 8 ya isa, ɗakin ya zauna da duhunsa, wanda ke kwance kusa ma ba zai farka ba. Akwai tsarin baƙin shafi da farin rubutu, wanda mutane ke ɗauka shi ya dace da irin waɗannan labarai. A ganina bai kai na asali ba, domin inuwar rubutun shafin da ya wuce ta fi fitowa a kan baƙi.

Amazon na cewa cajin ta 2024 yana kai mako 12, na ta 2021 mako 10. A lura da lissafinsu: karatun rabin awa ne a rana, intanet a kashe, haske a mataki na 13. Wato awa 42 ke nan da awa 35. Mai karatun awa uku kowane dare ya sa ran kusan mako biyu, idan ya bar alamar jirgin sama a kunne. Abin da ke shanye caji ba a sani ba shi ne zuba littattafai ɗari-ɗari a lokaci guda. Na'urar takan bi kowanne tana jera kalmominsa don bincike, kuma idan ta ci karo da fayil da ya lalace sai ta maƙale a kansa, batir ya yi ta zuba ko ba a taɓa ta ba. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, tana jone da caji.

Abubuwa biyu ya kamata mai son labarin tsoro ya kashe tun ranar farko. A ƙasan shafi ta hagu akwai rubutun da ke faɗin mintunan da suka rage babi ko littafi ya ƙare. Marubuci ya sha wahala ya ɓoye maka inda zai juya labari, ita kuma tana sanar da kai saura minti huɗu. A riƙa taɓa wurin har rubutun ya ɓace. Na biyun kuwa layukan da take ja a ƙarƙashin jimlolin da sauran masu karatu suka fi yi wa alama, a littattafan da aka saya daga Amazon. Ido na ganin layin ya san ga muhimmin wuri nan tafe. Ana kashe shi ta alamar Aa a saman shafi.

Ga masu karanta adabi mai nauyi da Faransanci ko Turanci, ƙamus ɗin da ke ciki kyauta ne, kuma da zarar an sauke shi ba ya neman intanet. Danna kalma ka riƙe, ma'ana ta fito. Na Hausa babu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Sababbin littattafan da ake wallafawa a Faransa, Ingila da Amurka galibi a kulle suke zuwa, sai an saya, kuma Amazon ba ta karɓar Orange Money ko MoMo kai tsaye. Sai da katin banki irin na Visa. Tun watan Fabrairun 2025 kuma ta cire damar sauke littafin da aka saya a kwamfuta a tura ta wayar USB, don haka dole na'urar ta hau intanet, ko da ta hanyar rabo daga wayar hannu ne. Littafin rubutu zalla ba ya cin data sosai.

Littattafan Hausa na aljanu, mayu da ƙungiyoyin asiri kuwa, galibi a WhatsApp da manhajojin waya irin su Wattpad suke yawo, kuma ba a iya saka waɗannan manhajoji a Kindle. Abin da aka samu a fayil da izinin marubuci shi ake iya turawa. Idan Word ne ko EPUB (tsarin fayil na littattafai), a tura ta Send to Kindle, tsarin Amazon na tura fayil zuwa Kindle ta intanet, wanda ya fara karɓar EPUB a 2022. Idan ta wayar caji za a tura daga kwamfuta, ba za ta buɗe EPUB ba, sai an juya shi zuwa AZW3, tsarin fayil na Kindle, da manhajar Calibre, wadda kyauta ce. PDF shi ne mafi muni: shafin a daskare yake, rubutun ya fito ƙanana, ba a iya ƙara girmansa sai dai a yi ta jan shafi hagu da dama.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Wani lokaci su fito da siffa dabam da sauran rubutu, wani lokaci su koma tarkacen alamomi. Tarkace na nufin ba a adana fayil ɗin da tsarin UTF-8 ba, a sake adana shi a kwamfuta kafin a tura. Bambancin siffa kuwa daga salon rubutun ne. A sauke salon rubutu na Charis SIL ko Andika, a jona na'urar da kwamfuta, a zuba su cikin jakar da ake kira fonts, sannan a zaɓe su ta Aa. Wannan ba ya aiki a tsohon tsarin MOBI.

Ruwa bai dame ta ba, an yi ta ta jure zurfin mita 2 na tsawon awa guda. Zafi ne abin tsoro. Amazon ta ƙayyade amfani da ita tsakanin digiri 0 da 35, Garwa da Marwa da Kuseri kuwa suna haura 40 a Maris da Afrilu. Kada a bar ta a mota ko ƙarƙashin rufin kwano da rana, kada a yi mata caji sai gari ya yi sanyi, in ba haka ba batir ya gaji da wuri. Ƙarƙashin fuskar kuma gilashi ne siriri. A sa ta a aljihun baya a hau babur, sai a ga rabin shafi ya daskare, kuma masu gyaran waya ba su cika ajiye irin wannan fuska ba. Riga mai murfi wajibi ce.

Mai sayen ta hannu ya jona ta da intanet a gaban mai sayarwa, ya shigar da asusunsa na Amazon kafin ya ba da ko sisi. Wadda aka kai rahoton sata ko ɓata Amazon kan toshe lambarta, ba za ta karɓi rajista ba. Ya kuma buɗe farin shafi, ya kai haske ƙarshe, ya duba ko akwai ɗigo mai ƙyalli ko gefen da ya fi wani duhu.