Wane Littafin Dokoki Za Ka Saya Idan Gardamar Ɓacewa da Kaya Ta Ishe Ka?

Duk wanda ya daɗe a teburin Dungeons & Dragons, wasan da ake zama a tebur kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi a cikin labari, ya san inda rigima take tashi. Boka ya yi tsafinsa, ya ɓace a nan ya ɓulla a can, sai a hau musu kan abin da ya tafi da shi. A kan wannan na auna littattafan da ke kasuwa, domin a nan aka taɓa ƙona ni.

Muna wasa da Player's Handbook, littafin dokokin 'yan wasa, na 2014. Bokana, wato jarumin da nake wasa da shi, yana rungume da akwatin dukiya, hannunsa ɗaya riƙe da abokin tafiyarmu da ya suma, dakaru sun tare ƙofa. Na yi Misty Step, tsafin mataki na 2 mai kai mutum ƙafa 30. Alƙalin wasanmu ya buɗe shafin, ya bi layin da yatsa har sau biyu, bai ga inda aka ambaci kaya ba. Wani ya ce akwati ya faɗi ƙasa, wani ya ce in haka ne har rigar boka ma a bar ta a nan. Shayi ya huce, dare ya raba, kuma ɗaya daga cikinmu bai sake zuwa ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, don abokina ne tun muna makaranta.

Shi ya sa nake cewa ka sayi Player's Handbook na 2024, wanda masu wallafa wasan, Wizards of the Coast, suka fitar a watan Satumba, mai shafi 384. A bayansa akwai ƙamus na dokoki, kuma a ciki an ware wa ɓacewa wurinta. Duk abin da kake sanye da shi ko kake ɗauke da shi yana binka. Wanda ka taɓa ba ya binka, sai in tsafin da kansa ya faɗi haka. In ka tarar an tare wurin da ka nufa, sai ka sauka a fili mafi kusa. Da wannan shafin yana gabanmu a daren nan, da akwati ya tafi, sumamme ya tsaya, a ci gaba da wasa.

Babban tsafin ma, Teleport na mataki na 7, ya fito fes. Ko ka kwashi kanka da mutum 8 da suka yarda, ko ka aika abu guda ɗaya da idonka ke gani. Kada abin ya wuce ajin girman doki, kuma kada ya kasance a hannun wanda bai yarda ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya rufe bakin masu son fizge takobin sarki daga hannunsa su aika da shi teku. Abu ɗaya ya rage wa alƙali: ankwar da aka ɗaure ta da sarƙa a bango. Ku yanke wannan tun kafin ku fara.

Littafin 2014 ya ce abin da za a aika da Teleport ya iya shiga akwati mai ƙafa 10 ta kowane gefe, amma ya yi gum kan kaya a Misty Step. Tsohon bugun wasan, 3.5 na 2003, yana da tsafin aika kaya, Teleport Object, mai ɗaukar nauyin laba 50 ga kowane matakin boka, sai dai lissafinsa zai cinye muku yamma. Pathfinder, wani wasa daban na kamfanin Paizo, yana da tsauri mai kyau, amma sai kowa ya koyi sabon wasa daga tushe.

To, yanzu ga inda ake cutar mutane. Na 2014 da na 2024 sunansu ɗaya, kuma masu son karkaɗe tsohon kaya sun san haka. Dubi bangon littafin: tsohon yana da hoton wani ƙaton mutumin wuta, sabon yana da dodo mai fukafukai ruwan zinare a bayan jarumai. Kada ka yarda da hoton da aka kwafo daga intanet. Ka ce mai sayarwa ya ɗauki hoton littafin da ke hannunsa, ya buɗe ƙamus na baya ka gani.

Jabu kuma sun yi yawa. Na taɓa tura kuɗi ga wani mai kanti a intanet saboda araha, na jira mako shida, na biya kuɗin dako. Da na buɗe, takardar sirara ce har rubutun baya yana leƙowa, hotuna sun yi duhu, kuma kafin wata ya cika shafuka suka fara zubowa daga ɗauri. Na neme shi, ya toshe lambata. Farashin na gaskiya a Amurka dala 49.99 ne, don haka wanda ya ce zai kawo maka sabo dal har gida a kan rabin wannan, ka riƙe kuɗinka.

Haka masu tallan PDF. Wizards ba ta sayar da wannan littafin a PDF, a D&D Beyond, shafinta na intanet, take sayar da na lantarki, saboda haka duk wanda ya miƙo maka fayil yana neman kuɗi, kayan sata ne. Dokokin farko ma kyauta suke a D&D Beyond. Buɗe su, nemi Teleportation, wato ɓacewa, a ƙamus, ka karanta wa abokan teburinka kafin ka tura wa kowa ko sisi.