onX Hunt ta cece min hutun kwana biyar

Ni dai kwana biyar kacal oga ya ba ni a wajen aiki, na haɗa da Asabar da Lahadi suka zama bakwai, kuma farautar elk da kwari da baka a jihar Colorado ta Amurka daga 2 zuwa 30 ga Satumba ne. Elk ɗin nan ƙatuwar barewa ce mai ƙaho rassa-rassa. Na zaɓi sati na uku don lokacin ne mazan ke barbara suna ta kuka, sai ka ji su tun daga nesa.

Gaskiya manhajar nan ta onX Hunt, wato taswirar mafarauta a waya, ta yi min rana. Tun ina gida da daddare nake zuba ido a taswira, ina sa alama a wuraren ruwa da gangaren da ke da inuwa, kuma tana nuna maka inda filin gwamnati ya ƙare gonar wani ta fara, wanda wallahi in ka tsallaka tara ce. Na sauke taswirar tun a gari saboda can kan dutse babu netwok ko sanda ɗaya, amma GPS na aiki lafiya lau.

Kuɗin shekara ake biya, ban yi da-na-sani ba. Ni ne ma na manta fawa bank a mota, rana ta uku waya ta mutu ina tsakiyar daji.