Sharhi kan horon iyaye: yaro mai jinkirin girma da ke ihu da buga kai

Mun bi wannan horo a wani asibiti a nan Sakkwato. Hanyar tana aiki, amma yadda ake koyar da ita bai dace da manyan gidajenmu ba.

Da farko ana ba uwa takarda mai gida uku: me ya faru kafin yaron ya fara, me ya yi, sannan me aka yi masa. Ana cike ta mako ɗaya zuwa biyu. A nan ake gane abin da ihun ke samo masa: a kula shi, a ba shi waya ko biskit, a fasa yi masa wanka, ko dai motsin ne yake masa daɗi. Wannan takarda ta fi komai amfani a horon.

Sai a koya masa wata hanyar neman abin: kati mai hoton kofi, nuni da hannu, ko kalma ɗaya. Masana halayyar ɗan Adam Edward Carr da Mark Durand ne suka bayyana dabarar a 1985. Sharaɗinta, sabuwar hanyar ta fi ihu sauƙi da saurin biya. Ya miƙa kati, a ba shi nan take, kowane lokaci. Ya yi ihu, a dakata, a kama hannunsa a nuna masa katin.

Inda ake faɗuwa shi ne kwanakin farko, don ihun yakan ƙaru kafin ya ragu. Nan ne kaka za ta ce, "Haba, ku ba shi mana, yaro ne." Da an ba shi, ya koyi cewa ƙara murya na biya. Ga shi uwa kaɗai ake kira zaman, alhali kaka, abokiyar zama da yayye duk suna riƙon yaron. Wannan babban giɓi ne. Ku tafi da su ko da sau ɗaya.

Buga kai ba a ƙyale shi. A sa matashi ko tafin hannu a tare, ba tsawa, ba duka. Kuma in halin ya taso kwatsam, likita ya fara duba kunne, haƙori da bushewar ciki, don yaron da ba ya magana da jiki yake kai ƙara.

Hotunan katunan da ake bayarwa na kayan ƙasar waje ne. Ku yi amfani da waya ku ɗauki hoton kofinsa da butarsa, a buga, a liƙe da roba saboda gumi da yawu.