Waya mai ƙaya ko mai lantarki? Wadda zan sake saya don raba filin kiwo

Malam, tsakanin waya mai ƙaya da mai lantarki da ka tambaya don raba filin kiwonka, ɗauki mai lantarkin, irin wadda ake naɗewa a ɗauke a kafa a gaba. Duka biyun na saya da gumina, kuma guda ce kawai ban yi da-na-sani a kanta ba.

Mai ƙayar na fara saya, don ita ido ya saba gani. Na raba filin gida huɗu, kowane shinge layi huɗu, muka sha haƙar rami da ɗaurin kusurwa har hannu ya yi kanta. Da aka gama na tsaya ina kallo ina jin na gama da matsalar kiwo. Damina ɗaya ta ishe ni gane kuskurena. Shanun kan yi kwana goma a gida guda kafin in matsar da su. A cikin kwanakin nan ciyawar da suka ci ranar farko ta riga ta yi toho, kuma saniya ba ta barin toho ta koma kan tsohuwar ciyawa. Sai su yi ta komawa kan mai daɗin suna aske ta har ƙasa, mai taurin kuwa tana tsaye tana tsufa tana zuba iri. A shekara ta biyu sai na ga filin ya zama dabbare-dabbare, nan fako, can dogon buyagin da ko sansanawa ba sa yi.

Daga baya na ji cewa wani manomi Bafaranshe, André Voisin, ya bayyana wannan tun wajen 1957: kada dabba ta daɗe a wuri har ta sake cin tsiron da ta riga ta ci, kuma kada a dawo da ita sai ciyawar ta huta ta maida ƙarfinta. Kafin shi da kaɗan, a 1955, wani mai bincike a Amurka mai suna Franklin Crider ya gwada yanke ganyen ciyawa yana duba saiwarta. Idan an cire rabin ganyen ko ƙasa da haka, saiwar kan ci gaba da aikinta. Idan aka cire kashi 90 cikin 100, saiwar kan tsaya cik fiye da mako biyu. To ni kuwa shanuna kashi 90 ɗin suke cirewa, sau biyu sau uku a zama ɗaya.

Lissafin gidajen ba shi da wuya. Ka raba kwanakin hutun da ciyawa ke buƙata da kwanakin da dabbobi za su yi a gida guda, ka ƙara ɗaya. Hutun kwana 30, zaman kwana 3, gida 11 ke nan. Kai ma ka san kuɗin da gida goma sha ɗaya zai ci da waya mai ƙaya. Kuma ko ka iya, girman gidan da ya dace a tsakiyar damina ba shi ne zai dace ba idan ruwa ya ja baya, lokacin da ciyawa ke neman hutun da ya ninka wancan. Turken da ka kafa da kankare ba ya matsawa don ciyawa ta sauya hali.

Ba zan hana mai ƙayar hakkinta ba: ba ta neman batir, ba ruwanta da rana ko hadari, kuma a kan iyakar fili ta waje tana aikinta. Dama tun da Joseph Glidden ya yi mata rajista a Amurka a 1874, aikin iyaka aka yi ta dominsa. Iyakar yabona ke nan. Ranar da wata karsanata mai cikin fari ta kutsa ta yage hantsarta na ƙarasa fita harkarta.

Mai lantarkin kuwa, bari in ba ka labarin wata baƙar saniya da nake da ita, uwar garke, gwanar ƙetare. Babu shingen da ba ta gwada ba, kuma duk inda ta sa kai sauran na biye. Ranar da na kafa zaren lantarkin, wato zaren roba mai silin ƙarfe a ciki, layi ɗaya tak, a tsayin da bai kai mita ɗaya ba, mai taya ni kiwo har dariya ya yi, wai wannan siririn abin ne zai tsare ta. Ta taho a hankali, ta miƙa hanci, kuma ka san hancin saniya kullum a jiƙe yake. Ƙas! Ta yi baya da gudu ta yi wani kuka, ta tsaya daga nesa tana hararar zaren kamar ya zage ta. Sauran na kallo. Biyu ko uku suka gwada nasu, shi ke nan karatu ya zaunu. Yanzu da safe in na fito da abin naɗin zaren a hannu, ita ce ke fara zuwa ta tsaya a bakin layi, sauran su jeru a bayanta, suna jiran in buɗe musu sabon wuri. Kafin su gama layin farko na ciyawa na riga na kafa na gobe. Aikin bai fi minti ashirin ba, ni kaɗai. Fakon nan da na ce maka, a damina ta biyu na ga ciyawa ta fara rufe shi, kashin shanun ma ya bazu ko'ina maimakon ya taru a gindin inuwa da bakin ruwa. Tsutsar ciki ma ta yi sauƙi a maruƙa, don ƙwanta a lokacin ɗumi da laima cikin 'yan kwanaki yake ƙyanƙyashewa ya kai ga kama dabba, kuma a ƙasa-ƙasan ciyawa yake maƙalewa. Wanda ya tashi da wuri bai kuma aske ciyawar ba ya tsere wa mafi yawansa.

Ka fahimci yadda mai lantarkin take aiki don kada ka zage ta a banza. Injin da ke ba zaren wuta yana harba ta kamar sau ɗaya a kowace daƙiƙa, ƙiftawar ido ma ta fi ta tsawo, shi ya sa take firgitarwa ba ta kisa. Wutar sai ta bi jikin dabba ta shiga ƙasa ta koma injin ta turakun ƙarfen da ka kafa a ƙasa ka haɗa da shi, sannan dabbar ta ji. Galibin masu cewa tasu ba ta kamawa, a turakun nan matsalar take. Ka kafa uku, kusan mita uku tsakanin kowanne, a inda ƙasa ke riƙe laima. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan mita ɗaya na ƙarfe a cikin ƙasa ga kowane jul, wato ma'aunin ƙarfin harbin injin. Idan rani ya yi ƙasa ta bushe ƙamas, sai ka ja layi biyu, ɗaya mai wuta ɗaya haɗe da turakun ƙasan, yadda dabba na taɓa su tare za ta ji ko da a kan busasshen yashi take tsaye. Shanu bolt 3,000 ya ishe su. Tumaki da awaki sai ka nemi 4,000 zuwa 5,000 da layi uku zuwa biyar, don gashi na kare tunkiya, akuya kuwa ka san halinta. Kuma kada ka sake su kai tsaye. Ka fara kafa zaren a cikin garke ko wani wuri mai shinge mai ƙarfi na kwana biyu uku su koyi darasi a inda ba za su iya ballewa ba. Mutanen New Zealand, inda Bill Gallagher ya fara ƙera irin wannan inji a shekarun 1930, da shi suke juya dubban shanun madara kullum.

Mai lantarkin ma tana da nata halin. Ciyawa mai jiƙa in ta kwanta a kan zaren tana shanye wutar, sai ka riƙa sharewa. Tsawa na iya ƙona injin. Ba ta tsare ɓarawo, hasali ma injin da batirin su ne abin da zai fara ɗauka, don haka ka yi musu akwati mai kwaɗo. Dabbar da aka koro a guje kuma ba ta tsayawa lissafin shokin. Shi ya sa na bar tsohuwar mai ƙayar a kan iyaka ta waje, can ta dace.

Wani abu kuma da masu tallar kiwon juyi, wato matsar da dabbobi daga gida zuwa gida, ba sa son faɗa. A 2008 David Briske da abokan aikinsa a Amurka sun tattara gwaje-gwajen shekaru da yawa a manyan filayen kiwo, suka ga juya dabbobi kaɗai ba ya tabbatar da ƙarin ciyawa ko ƙiba. Yawan dabbobin da aka ɗora wa fili da yawan ruwan sama su ne suka fi tasiri. Na yarda da su. Saniya kan ci busasshen abinci kusan kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta a rana, wato mai kilo 300 tana neman kilo 7.5 zuwa 9. Ka ninka da yawan shanunka, ka tuna rabin ciyawar za ka bari a tsaye. In lissafin bai fita ba, rage baki za ka yi ko ka nemo ƙarin abinci. Zaren zai ba ka ikon cewa yau nan za a ci, can a huta, amma ba ya haifar da ciyawar da babu.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, don ni an taɓa shafa mini. Kada ka duba kilomitocin da aka rubuta a jikin kwalin injin, wannan lissafin waya ce mai tsabta da ko ganye bai taɓa ta ba. Jul za ka tambaya, kuma iri biyu ne: wanda injin ke tarawa da wanda yake fitarwa. Na tarawar ya fi yawa, shi marasa gaskiya ke nuna maka. Ka ce a gwada injin a gabanka da ma'aunin bolt, wanda ya ƙi ka bar masa kayansa. Akwai masu liƙa tambarin sanannen kamfani a kan jabu. Zaren kuwa ka warware bakinsa ka ƙirga silin ƙarfen da ke ciki. Wani mai shago ya sayar mini da naɗi a kan mai sili shida ne, na zo gida na tarar da uku, rana kuma ta cinye robar kafin shekara ta zagayo. Araha ba ta ado. Batir ma ana wanke tsoho a goge a sayar a matsayin sabo, kuma na mota ba ya jure caji da saukewar kullum, ka nemi irin na sola. Ko mai ƙayar da za ka sa a iyaka, ka karce ta da wuƙa, don wata fenti ne kawai aka fesa mata, damina ɗaya tsatsa ta cinye ta. Ka kuma sa a ɗora naɗin a sikeli, ana rage tsawo.

Duk wanda ya ce maka ka haɗa wayar kai tsaye da wutar gida don ka huta da sayen inji, ka guje shi, wannan kisa ne, ga dabba ga mutum. Kuma kada ka sa wa mai ƙaya wuta, don abin da ƙaya ta riƙe ba zai iya ja da baya ba.

Ka sayi inji mai ɗan fin ƙarfin buƙatarka ta yanzu, farantin sola da batirinsa, naɗin zare biyu mai sili shida ko tara, turakun roba masu wurin taka ƙafa, turakun ƙasa uku da ma'aunin bolt. Ka fara da zaman kwana uku. Awon kuma a ƙarshen layi mafi nisa da injin za ka riƙa yi, in ka ga ya sauka ƙasa da 3,000, fara zuba wa turakun ƙasan ruwa kafin ka ɗora wa injin laifi.