Vkusno i tochka: gidan abincin da ya gaji McDonald's a Mosko

Ƙannena masu shirin tafiya karatu Rasha, ga wurin da ba makawa sai kun shiga wata rana, musamman idan sanyi ya sa muku ƙiwar girki. Sunansa Vkusno i tochka, wato "Da daɗi, shi ke nan". Shi ya gaji McDonald's bayan kamfanin na Amurka ya tattara nasa ya nasa a 2022 saboda yaƙin Yukren, ya sayar da shagunansa wajen 850 ga Alexander Govor, wani ɗan kasuwa daga Siberiya. An sake buɗewa ranar 12 ga Yuni na shekarar da sabon tambari: sanduna biyu da ɗigo ɗaya a kan kore, dankali da nama ke nan. Lokacin da nake karatu a can, reshen dandalin Pushkin nake zuwa, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Pushkinskaya.

Ni sanwicin kifi nake ci, don ba na taɓa naman da ban san wanda ya yanka ba. Burodin mai laushi ne da ɗumi, kifin ya soyu har ɓawonsa na ƙaras-ƙaras, ga farar miya mai ɗan tsami da yankin cuku. Dankalin sirara ne, gishirinsa daidai, amma a ci shi nan take, in ya huce ya tashi daga aiki kamar ƙosan da ya kwana. A madadin Coca-Cola akwai Dobry Cola, kuma da ƙanƙara a ciki harshena bai iya raba su ba. Big Hit shi ne ya maye gurbin Big Mac, shahararren sanwicin naman McDonald's; abokan karatuna masu cinsa sun ce a miyar kawai suke jin bambanci. Ba abin mamaki ba ne. Tun zamanin McDonald's yawancin kayan a cikin Rasha ake samo su, kuma cikin sharuɗɗan cinikin har da ci gaba da riƙe ma'aikata. Masu soyawan jiya su ne na yau, riga kawai aka canza musu.

Abin da ya sa nake cewa a je wannan reshen shi ne tarihinsa. Nan aka buɗe McDonald's na farko a Tarayyar Sobiyet ranar 31 ga Janairun 1990, aka sallami mutum fiye da 30,000 a wunin. Mahaifin wani abokina ɗan Rasha yana cikin waɗanda suka bi layi a wancan lokacin, kuma duk sanda muka zauna da shi sai hirar ta karkata zuwa NATO, ƙawancen tsaron Amurka da ƙasashen Yamma. Yakan ce: "Mun tsaya cikin sanyi don mu ɗanɗani abincinsu, su kuma suka matso mana da sojoji har bakin ƙofa." Kwana tara bayan buɗe shagon, in ji shi, sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya shaida wa shugaban Sobiyet Gorbachev cewa ikon NATO ba zai matsa gabas ko da inci ɗaya ba. Sai dattijon ya fara lissafa ƙasashen da suka shiga NATO da yatsu masu maiƙo: Poland, Hungary da Czech a 1999, ƙasashe bakwai a 2004 har da Estoniya, Latviya da Lithuaniya da suke cikin Sobiyet, sannan taron NATO na Bucharest a 2008 da aka ce Yukren da Jojiya za su shiga wata rana.

Ban taɓa yi wa dattijon musu a gabansa ba, tarbiyyar gida ba ta bari. Amma a ganina rabin labarin yake bayarwa. Baker ya faɗi maganar, gaskiya ne, sai dai ba ta shiga takarda ba. Yarjejeniyar haɗe Jamus ta 1990 a kan yankin Jamus ta Gabas kaɗai ta tsaya. Kuma ba janyo waɗancan ƙasashe aka yi ba, su suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, don ba su manta da tankokin Sobiyet da suka shiga Budapest ta Hungary a 1956 da Prague ta Czech a 1968 ba. Yaƙin Yukren da aka ce an yi don tare NATO kuwa shi ya tura Finland ciki a 2023, mai iyakar kilomita sama da 1,300 da Rasha, Sweden ta bi ta a 2024. Shi kansa shagon ya taɓa shan ɗacin rigimar: a Agustan 2014, bayan takunkumin da ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba wa Rasha kan ƙwace yankin Crimea, hukumar kula da tsafta ta rufe shi na wasu watanni, kuma da yawa sun ce siyasa ce.

Wurin yana da tsafta, oda ta na'urar taɓawa ake yi, lambarka ta fito a allo, ba ka jima ba an kira ka. Da yamma yana cika da matasa, sai ka yi ta zagaye da tire kafin ka samu kujera, don haka hantsi ya fi. Kada ku dogara da katin bankin gida: tun Maris ɗin 2022 Visa da Mastercard na waje ba sa aiki a Rasha. Ku riƙe tsabar rubul har ku buɗe asusu a ba ku katin Mir, katin bankin Rasha.